Me Ya Sa Sunana Yana Wannan Ofis, Amma Babu Shi a Wancan?

A cikin tambayoyin da kuke kawo mana a teburin sashen kariya, babu wadda ta kai wannan yawa: "An rubuta ni, an ɗauki hotona, an ɗauki yatsuna goma, ga katina a hannu. To don me da aka zo rabo aka ce ba a ga sunana ba?" Wani sunansa ya fito, amma babu na jaririn da aka haifa masa. Wata an ce an tura mata kuɗi, wayarta kuwa shiru. Da yawa cikinku kan ɗauka wani ne ya ci, ko an yi son kai. Ba mu ce irin haka ba ta faruwa a duniya ba, kuma duk wanda ya ga alama ya kawo ƙara, za a saurare shi a asirce. Amma sau da yawa abin bai kai can ba. Kwamfutoci biyu ne kawai suka kasa fahimtar juna.

Mu da sana'armu ita ce tafinta mun san wannan ciwo. Mutum biyu za su zauna, kowa gaskiya yake faɗi, amma in babu wanda ya daidaita musu kalma sai su tashi da saɓani. Haka na'urorin ofisoshi suke. Shi ya sa muka ga ya dace mu warware muku yadda bayananku ke tafiya daga wannan ofis zuwa wancan, da inda suke maƙalewa, da abin da ku da kanku za ku iya yi.

Littafin ba ɗaya ba ne

Abu na farko, ku cire a ranku cewa akwai wani babban littafi guda da kowane ofis ke buɗewa. Babu shi. A nan Togo, hukumar gwamnati mai kula da 'yan gudun hijira ita ce CNAR, tana aiki tare da HCR. Rumbun bayanan HCR sunansa proGres, an fara amfani da shi tun farkon shekarun 2000. Zanen yatsu goma da hoton ƙwayar ido suna shiga wani sashe ne daban mai suna BIMS, wanda aka fara bazawa ƙasashe a 2015. Hukumar abinci ta duniya, wadda muka fi sani da PAM, tana da nata rumbun, SCOPE, da take aiki da shi a ƙasashe da dama. Kamfanin waya da ke riƙe da Flooz yana da nasa, mai riƙe da Mixx, wato T-Money ta da, shi ma da nasa. Ofishin magajin gari mai ba da takardar haihuwa yana da rajistarsa. Asibiti da makaranta, kowa da littafinsa.

Mutane daban-daban ne suka gina waɗannan rumbuna, a shekaru daban-daban, don buƙatu daban-daban. Mai rabon abinci so yake ya san baki nawa ne a gida. Kamfanin waya bai damu da bakin gidanka ba, lamba yake nema da sunan mai layi. Har a cikin HCR kanta, a da kowace ƙasa, wani lokaci ma kowane sansani, na riƙe da nata rumbun a kwamfutarta, wanda ba ya ganin na maƙwabciya. Sai da aka zo zubi na huɗu na proGres aka tattara su wuri guda ta intanet, kuma a 2018 aka ɗaure shi da sauran na'urorin rajista a ƙarƙashin inuwa ɗaya da ake kira PRIMES.

To tunda ba za a iya tilasta wa kowa ya yar da littafinsa ba, sai aka bi wata hanya: a yarda da tsarin rubutu guda wanda za a riƙa aika saƙo da shi tsakanin littattafan. Kowa ya ci gaba da rubuta nasa yadda ya saba a cikin gida, amma in zai miƙa wa wani, sai ya zuba a wannan ma'auni da aka yarda da shi. A 2018 HCR da PAM suka sa hannu a kan yarjejeniyar musayar bayanai, kuma a watan Disamba na shekarar shugabannin HCR, PAM, UNICEF da OCHA suka fitar da sanarwar cewa za su daidaita yadda suke ba da taimakon kuɗi, har da sa na'urorinsu su riƙa jin maganar juna.

Ku ɗauki misalin kuɗi. In Bahaushiya a Zongo ta ce maka "ɗari", sefa 500 take nufi, don da dala take ƙirga. In ma'aikacin ofis ya ce ɗari da Faransanci, sefa 100 yake nufi. In ka taka ka ƙetare Aflao, ga ta nan kusa da mu, ɗari kuma ta zama ta sidi. Ba wanda ya yi ƙarya cikinsu. Mutum zai dubi fuskar mai magana ya gane wace ɗari ce. Kwamfuta ba ta duban fuska. Dole tun farko a rubuta mata: wannan gurbi na kuɗi ne, da sefa ake ƙirga shi, ba da dala ba, kuma lamba zalla ake sawa. Haka ake zama a bi gurbi ɗaya bayan ɗaya: suna, ranar haihuwa, jinsi, ƙasar asali, wurin zama, dangantaka da mai gida, lambar waya. A kowane gurbi sai an yanke me zai shiga, da wane irin rubutu, da abin da za a yi in ba a sani ba. Aikin ba shi da daɗin ji, amma tuwon gidaje da yawa a kansa yake rataye.

Suna

Nan ne muka fi shan wahala, kuma nan za mu daɗe.

Suna ɗaya ne uwa ta raɗa, amma ga yadda yake fitowa a takardu: Muhammadu, Mohammed, Mohamed, Mahamadou, Mamadou, Mamane, Mouhamed. Wanda ya yi makarantar Ingilishi a Gana ko Najeriya zai rubuta Usman, Aisha, Shaibu. Wanda ya yi ta Faransanci zai rubuta Ousmane, Aïchatou, Chaïbou. Duk wanda ya ji da kunne ya san mutum ɗaya ne. Na'ura kuwa harafi take ƙirgawa, a wurinta Usman da Ousmane baƙin juna ne.

Sai kuma jeri. Takardun ƙasashen Faransanci gurbi biyu suke bayarwa, sunan iyali da manyan baƙaƙe, sannan sunan yanka. Mu kuwa da yawanmu ba mu tashi da sunan iyali irin wannan ba. Sunanka ne, sai na mahaifinka, wani ya ƙara na kaka, wani na garinsu, wani na sana'a. In aka tambayi mutum yau ya ce Garba Idi, gobe a wani tebur ya ce Abubakar Idrisu, bai yi ƙarya ba, Garba ai Abubakar ne, Idi kuma Idrisu. Amma ya zama mutum biyu a rumbu. Ga laƙabi: wanda duk unguwa ta sani da Ɗanjuma ko Tanko ko Ladi, har shi kansa ya kusa manta na yanka. Ga Alhaji da Hajiya da Malam, waɗanda girmamawa ce ba suna ba, amma wani magatakarda zai zuba El Hadj a gurbin suna, wani ya bar shi. Ga kuma alkunya, matar da ba za ta iya kama sunan mijinta ko na ɗanta na fari ba, sai ta kewaye. Wannan tarbiyya ce, ba mu raina ta ba. Sai dai a teburin rajista, in bakinki ba zai iya ba, ki zo da takardar da sunan ke ciki, ko ki sa wani na gida ya faɗa.

Har baƙaƙen kansu suna da rigima. Namu masu lanƙwasa, ɗ da ƙ da ɓ, da na maƙwabtanmu Ewe, da 'yan alamomin da Faransanci ke ɗorawa a kan wasula kamar na sunan unguwar nan Nyékonakpoè, ba kowace tsohuwar na'ura ce ke gane su ba. Wata sai ta mayar da su alamar tambaya. Ku dubi layuka biyun nan na ƙasan shafin fasfo da na'ura ke karantawa: baƙaƙen A zuwa Z ne kawai, da lambobi, da wata alama mai kama da bakin kibiya. Duk wata lanƙwasa an share ta. Saboda haka tsarin musaya mai kyau sai ya faɗi yadda za a yi da irin waɗannan baƙaƙe, kada wannan ofis ya ajiye su wancan ya zubar.

A ganinmu, ba ruwanku da neman rubutun da ya fi "daidai". Rubutun da ya shiga katinku shi ne naku, ko da ba haka malamin makarantarku zai so ba. Da shi za a buɗe layin waya, da shi za a sa yaro makaranta, da shi za a yi katin asibiti. In kuwa kuskure ne na gaske, kamar a sa sunan mahaifi a matsayin naka, to a gyara shi daga tushe. Kada a bar kowane ofis ya gyara nasa yadda ya ga dama.

Ranar haihuwa da wurin zama

Rubuta 03/04/2015. Ɗan Togo zai karanta 3 ga Afrilu. Ba'amurke zai karanta 4 ga Maris. Shi ya sa na'urori suka fi son tsarin da duniya ta yarda da shi tun 1988, a fara da shekara, sai wata, sai rana: 2015-04-03. Wannan mai sauƙi ne.

Mai wuyar shi ne wanda bai san ranar ba. Tsofaffin takardun Faransanci kan rubuta cewa an haifi mutum "wajen" shekara kaza. Kwamfuta ba ta son "wajen", sai ta ga rana da wata. Shi ya sa za ku ga 'yan gudun hijira masu ɗimbin yawa a duniya an rubuta musu 1 ga Janairu. Ga dattijo ba wata illa. Ga yaro akwai. A ce an haifi yaro a Disambar 2008 aka rubuta masa 1 ga Janairun 2008. A idon na'ura zai cika shekara 18 wata goma sha ɗaya kafin lokacinsa, kuma duk wani abu da aka ware wa yara zai fita daga ciki. Don haka in ba ku san rana ba, kada ku tsaya a "ban sani ba". Ku ce da damina ne ko da hunturu, kafin azumi ko bayan babbar Sallah, shi da ɗan wane ne sa'a. Da wannan za mu iya lissafawa mu matso kusa da gaskiya, tare da tuna cewa watannin Musulunci suna ja baya da kamar kwana 11 kowace shekara.

Wuri ma haka. "A Zongo nake" ba adireshi ba ne a Lome. Tsohon Zongo na tsakiyar gari an tashe shi a 1977, aka mayar da jama'arsa can hanyar arewa, inda yanzu ake kira Agoè-Zongo, kuma yau wannan yana gundumar Agoè-Nyivé ne, mu nan kuwa muna gundumar Golfe. Waɗanda suka gangaro daga arewa sun san garin bakin iyaka da Togo ke rubutawa Cinkassé, Burkina kuma Cinkansé, kasuwa kusan ɗaya, ƙasa biyu. In aka rubuta "daga Sinkase" kawai, ba a san ko ka ƙetaro iyaka ba ne ko ɗan gida ne da ya ƙaura, alhali a doka matsayin biyun ba ɗaya ba ne. Shi ya sa ake ba kowace jiha da gunduma da ƙaramar hukuma lambarta, a bar dogara da suna. Ƙasashe ma suna da nasu baƙaƙe uku-uku: TGO, BFA, GHA, kuma ga biyun da suka fi ruɗa magatakarda, NER ta Nijar da NGA ta Najeriya. Wanda ya fito daga Maraɗi ko Ƙonni ya duba da kyau kada a mayar da shi ɗan Katsina, haka shi ma na Katsina.

"Ɗana ne"

A Hausa ɗan wanka ɗanka ne, ɗan ƙanwarka ɗanka ne, yaron da aka ba ka riƙo ɗanka ne. Wanda ya tsaya bambantawa a gaban yaro ma sai a ga rashin kirkinsa. Amma gurbin dangantaka a rumbu zaɓi ne ƙayyadadde: ɗan ciki, jika, ɗan ɗan'uwa, wanda babu dangantakar jini. Idan muka matsa muku da tambaya, "Ke kika haife shi?", ba tonon asiri ba ne. Yaron da ya rabu da iyayensa a hanya, in aka rubuta shi ɗan cikin wadda ta riƙe shi, to ranar da uwarsa ta je wurin Kuros Ruj tana cigiya, ba za a ga wani yaro mai neman uwa a rumbu ba. Kuma in wata rana aka zo duba fayil ɗin iyali don wata tafiya ko haɗa dangi, wannan ƙaramar magana kan tsayar da komai. Faɗin gaskiya ba ya raba yaro da mai riƙonsa, kuma ba ya cire shi daga lissafin gida. In kuna jin nauyin faɗa a gabansa, ku ce mana, a fitar da shi waje tukuna.

Kalmar "gida" ita ma sai an yi hattara. Mai mata biyu ko uku gidansa ɗaya ne a wurinmu. Wani tsarin kuwa tukunya yake ƙirgawa, kowace mace da 'ya'yanta rukuni guda. Ku tambaya a gaya muku yadda aka rubuta ku: rukuni nawa, wa ke cikin wanne, sunan wa aka sa a gaba. Nan ne ake gane wayar da saƙo zai shiga.

Lamba ita ce igiyar

Tunda suna yana sauyawa, rana tana ruɗewa, da me za a ɗaure littattafan? Da lamba. Kowane mutum da aka yi wa rajista yana da lambarsa shi kaɗai, rukunin iyali kuma yana da tasa. Yatsu da ƙwayar ido aikinsu shi ne su tabbatar cewa mutum ɗaya bai riƙe lamba biyu ba, kuma wani bai zo da lambarka ba. In saƙo ya tashi daga wannan rumbu zuwa wancan, lambar ce ke gaba, sauran bayani na biye.

Mazauna Lome sun ga ƙarfin wannan a 2020, lokacin korona, da gwamnati ta fito da tallafin Novissi ta waya. Mabuɗinsa katin zaɓe ne. Wanda ba shi da katin zaɓe, ko da yunwarsa ta fi ta kowa, ƙofar ba ta buɗe masa ba, don ba a gina ta da gurbin wata lamba ba. Masu zana irin waɗannan tsare-tsare, ranar da suka zaɓi lambar da za ta zama mabuɗi, a ranar suka zaɓi wanda zai shiga da wanda zai tsaya waje, ko sun lura ko ba su lura ba. A shekarar ce kuma Togo ta yi dokar ba kowane mazaunin ƙasa lambar shaida guda, ɗan ƙasa da baƙo, a hannun hukumar ANID. Wannan lamba ba takardar zama ɗan ƙasa ba ce. Wanda ya samu tasa ya adana ta tare da katinsa na gudun hijira, kada ya yar da ɗaya don ya samu ɗaya.

Lambar waya kuwa ita ce ƙarshen igiyar, kuma a nan ta fi tsinkewa. Ta Togo +228 ce, sai lambobi takwas. Kwaddebuwa ta koma goma a 2021, Benin ma ta ƙara 01 a gaban lambobinta a ƙarshen 2024, kuma duk na'urar da aka gina a kan takwas sai da aka koma aka buɗe mata gurbi. Amma abin da ya fi yawa a nan ba wannan ba ne. Layi ne da aka buɗe da katin maƙwabci ko na mai gidan haya. Ofis ya aika da sunanki da lambar, kamfani ya duba ya ga lambar ta wani ce. Ko dai kuɗin su dawo, ko su shiga hannun mai layin, ranar da kuka ɓata kuma shi ke nan.

Wa ke da maganar ƙarshe?

A ce uwa ta gaya wa ma'aikacin asibiti ta koma wata unguwa, ya rubuta. A rumbun rajista kuwa tsohon wurin ne. Wanne za a bi? Duk tsarin musaya sai ya amsa wannan tun farko: kowane gurbi yana da mai shi. Haihuwa ta ofishin magajin gari ce. Matsayinka na mai neman mafaka ko ɗan gudun hijira na hukumar gwamnati ne. Yawan mutanen gida na teburin rajista ne. Sauran ofisoshi kwafi suke karɓa. Ruwa daga tudu yake gangarowa. In ka gyara a kwari, saƙo na gaba da ya sauko zai iya shafe gyaranka ya mayar da tsohon kuskure. Wannan ne sirrin kukan nan na "na gaya musu har sau uku". An gaya, amma ba wa mai gurbin ba.

Sannan akwai lokaci. Ba kowane gyara ne ke isa ko'ina nan take ba. A wuraren da babu intanet, kamar wasu ƙauyukan yankin Savanes, ana rubutu ne a na'urar hannu, sai an dawo inda akwai sadarwa a juye. Jerin rabo kuma ana rufe shi kwanaki kafin ranar rabo don a tantance a aika. Jaririn da aka kawo rajista bayan an rufe jeri bai ɓata ba, zagaye na gaba zai fito. Amma wanda ba a kawo ba sam, ko shekara zai yi ba zai fito ba. Dokar Togo ta ba da kwana 45 a kai rahoton haihuwa ofishin magajin gari, kuma tun 1 ga Janairun 2022 takardar haihuwa kyauta ce. In kwanakin suka wuce, sai an bi ta kotu, da wahala da kashe kuɗi. Ku fara da can, sannan ku kawo takardar teburin rajista.

Rasuwa ma a faɗa. Mun san abin da ke hana wasu, kason mamaci yana rage zafi. Amma ku ji abin da ya faru a Yuganda. A 2018 aka yi zargin an kumbura lissafi, gwamnati da HCR suka sake tantance kowa da yatsa da ido. Littafi na cewa kusan miliyan 1.4, aka samu kusan miliyan 1.1. Kafin nan rajistar gwamnati daban take da na'urorin HCR. Masu ba da kuɗi suka yi barazanar janye hannu, kuma in sun janye ba jami'i ne zai kwana da yunwa ba.

Abin da ba ya ƙetarawa

Yanzu ga tambayar da wasu ke yi mana da murya ƙasa-ƙasa: in na'urori suna magana da juna, ashe abin da na faɗa a ɗaki kowa ya ji? Tsoron yana da dalili. A 2021 ƙungiyar Human Rights Watch ta ce bayanan 'yan Rohingya da aka tattara a Bangaladash sun isa hannun gwamnatin Myanmar, ƙasar da suka gudo daga cikinta, ba tare da mutanen sun fahimci abin da suka amince da shi ba. HCR ta musa, ta ce an nemi yardarsu. Ko ma yaya ne, duk mai wannan aiki ya ɗauki darasi.

Rabin aikin zana tsarin musaya shi ne yanke abin da ba za a aika ba. Mai rabon abinci ba ya buƙatar sanin dalilin gudunka. Kamfanin waya ba ya buƙatar sanin ciwonki, ko abin da aka yi miki a hanya. Ƙa'idar ita ce a ba kowa mafi ƙarancin abin da aikinsa ke buƙata. Labarin da aka bayar a ɗakin kariya ba ya cikin jerin rabo, kuma mu tafintoci muna ƙarƙashin alkawarin riƙe sirri. Ƙa'idar HCR ta kare bayanai, wadda ta fito a 2015, ta ba ku damar a gaya muku dalilin karɓar bayani da wanda za a ba, ku nemi ganin abin da aka rubuta a kanku, ku nemi gyara, ku kuma nuna ƙin yarda. Togo ma ta yi tata dokar kare bayanan mutum a 2019. Tambayar "wa zai ga wannan?" ba rashin kunya ba ce. Ku yi ta kafin ku ɗora yatsa.

Akwai kuma gargaɗi ga 'yan'uwanmu masu masauki, don mun san takardar nan tana shiga gidajensu. Harshe ɗaya muke yi, wani lokaci dangi ɗaya ne, talaucin ma ɗaya. Sai wani ɗan ƙasa ya ga kamar ba laifi ya sa ɗansa cikin iyalin baƙonsa. A Kenya an yi haka. A shekarun fari da yunwa, dubban 'yan ƙasar daga yankin Garissa suka shiga rajistar sansanin Dadaab, da yawa iyaye ne suka sa su suna ƙanana. Da suka girma suka je neman katin ɗan ƙasa, yatsunsu suka fito a rumbun 'yan gudun hijira, aka hana su. Shekaru suka yi babu katin da za su nemi aiki ko su buɗe asusu, har sai da maganar ta kai kotu, wadda ta ba su gaskiya a 2025. Na'ura ba ta mantuwa, kuma yatsan yaro yana girma tare da shi.

Haka wanda aka taɓa yi wa rajista a Dapaong, ko a Gana, ko a wata ƙasa, sannan ya iso Lome. Kada ya sake shiga layi a matsayin sabo da wani suna. Yatsunsa za su nuna, fayil biyu su yi karo, a dakatar da duka har a bincika. Ya zo da tsohuwar takardarsa, ko lambar kawai in takardar ta ɓata, ya ce ya ƙaura. Sauya wurin zama gurbi ɗaya ne ake gyarawa.

Kafin ku tashi daga kowane tebur, ku ce a karanta muku abin da aka rubuta: suna harafi-harafi, shekarar kowane yaro, ƙasa, yawan mutanen gida, lambar waya ɗaya bayan ɗaya. Wanda bai yi boko ba ya nemi tafinta, aikinmu ke nan, ko ya zo da ɗansa ɗan makaranta ya duba. Ku kwafe lambar kowa a wata takarda daban ku ajiye inda ruwan damina ba zai kai ba, mai babbar waya ya ɗauki hoton katin gaba da baya. In waya ta ɓata ko kun sauya layi, ku zo a wannan makon, kada ku jira ranar rabo. Rajista, gyara da tafinta duk kyauta ne. Duk wanda ya ce ku ba shi wani abu ya "shigar da ku kwamfuta", ku riƙe kamanninsa da inda ya tare ku, ku sanar da sashen kariya ko ku jefa takarda a akwatin ƙorafi. Ranakun da teburin gyaran bayanai ke zama suna manne a allon sanarwa.